Mai-shirwa: Kuɗin Nasara a Adudun Kaka

A unguwar Hausare da ke birnin Garuwa akwai wata tsohuwa da ta ba shekara tamanin baya. A gefen gadonta akwai adudu, a cikin adudun akwai ƙullin tsumma, a cikin tsumman kuma akwai sulallan azurfa huɗu da aka zarge a igiyar fata. Uku daga cikinsu manya ne masu nauyi, kowanne da hoton wata mace mai ƙiba da lulluɓi a ka, da shekara guda a rubuce: 1780. Na huɗun bai kai su girma ba. A fuskarsa ɗaya akwai mutum a kan doki, jama'a sun kewaye shi. A ɗaya fuskar kuma wani tsuntsu ne ya ɗaga fukafukai, ya danne wani abu mai tsawo da faratansa. Mutanen gidan sun daɗe da yanke hukunci a kan wannan hoto: shirwa ce ta sure hanjin kaza a mahauta. Saboda haka kowa a gidan Mai-shirwa yake kiran sulen.

Da aka sa ranar auren jikarta, tsohuwa ta kwance ƙullin, ta ce a kai wa maƙerin fari ya narka su duka ya ƙera wa amarya awarwaro biyu. A wurinta maganar ba ta da gardama. Ita da azurfa aka kai ta ɗakin miji, mahaifiyarta ma haka, ba kuwa za a ce a kan jikarta aka fara fita da hannu wayam ba. Wadda ta ƙi amincewa ita ce amaryar da kanta, ɗaliba mai nazarin tarihi a Jami'ar Ngaundere.

“Kaka, wannan fa ba shirwa ba ce. Gaggafa ce, abin da ta danne kuma maciji ne.”

“Ke kishiyata, ki raba ni da iyayin boko. Tun uwarki ba ta zo duniya ba nake kallon tsuntsun nan. Yau kuma ke za ki nuna mini shirwa?”

Wasa ne irin na kaka da jika, amma a ƙarƙashinsa akwai magana mai nauyi. Domin a fahimci abin da ya sa yarinyar ta kafe, sai an koma baya da nisa, zuwa ga mutanen da suka fi kowa ƙwarewa wajen mayar da tsabar kuɗi allon shela.

Abin da Rumawa suka buga a kan azurfa

A wani darasi ne ɗalibar ta fara ganin hotunan kuɗin daular Rum. Babban kuɗinsu na azurfa sunansa denarius. An fara buga shi wajen shekara ta 211 kafin Miladiyya, lokacin da Rumawa ke tsakiyar yaƙi da Hannibal na Kartaj. Sunan ya fito ne daga kalmar Latin mai nufin “goma-goma”, domin da farko ana canza shi da ƙananan kuɗin tagulla guda goma. Ɗan ƙarami ne, faɗinsa bai wuce kan babban yatsa ba, nauyinsa a zamanin sarki Agustus kusan giram 4. Sojan runduna yana karɓar guda 225 a shekara, har zuwa lokacin da sarki Domishiyan ya ƙara albashin ya kai 300.

A duniyar da babu rediyo babu jarida, ba abin da ke yawo kamar kuɗi. Yana shiga bukkar manomi, yana kwana a jakar soja, yana tsallaka teku a hannun falke. Sarakunan Rum sun gane haka sarai. Idan rundunarsu ta ci wata ƙasa, sai a buga labarin a bayan kuɗi, fuskar sarki kuwa tana gaba. Bayan da Oktabiyan, wanda daga baya ya zama Agustus, ya murƙushe Antoni da Kilopatara ya karɓe Masar a shekara ta 30 kafin Miladiyya, sai a shekara ta 28 aka fitar da azurfa mai hoton kada, da kalmomi biyu: AEGVPTO CAPTA, wato an kame Masar. Kada ɗaya ya wadatar, domin kowa ya san dabbar kogin Nilu ce.

A shekara ta 43 Miladiyya sarki Kalaudiyus ya tura runduna tsibirin Birtaniya. Shekaru kaɗan bayan haka kuɗinsa suka fito da hoton babbar ƙofar nasara, an rubuta DE BRITANN a samanta. Da birnin Ƙudus ya faɗi a hannun Titus a shekara ta 70, kuɗin mahaifinsa sarki Besfasiyan sun nuna wata mace zaune ta yi tagumi a gindin turken da aka rataya wa makaman ganima, an rubuta IVDAEA a ƙasanta. A kan manyan kuɗin tagulla kuma aka sa ta a gindin dabino. Taranjan, wanda ya gama cin ƙasar Dasiya a shekara ta 106, wato yankin Romaniya ta yau, ya buga DAC CAP tare da hoton bawan yaƙi. Markus Oreliyus ya buga DE GERM a kan tarin garkuwoyi da masu, don tunawa da yaƙinsa da ƙabilun Jamus. Tun kafin su duka, Yuliyus Kaisar ya buga azurfa mai nuna kamammun mutanen Gol, ƙasar da Faransa ke zaune a kanta a yau.

Tsarin hoton kusan ɗaya ne a ko'ina. Mai nasara yana tsaye, yana da suna, yana da fuska. Wanda aka ci yana zaune ko a durƙushe, hannuwa a ɗaure ko kai a sunkuye, ba shi da suna sai na ƙasarsa. Sau da yawa ƙasar gaba ɗaya akan mayar da ita mace mai makoki. Abin da ya fi ciwo shi ne, da wannan kuɗin ne mutanen ƙasar da aka ci za su biya haraji, da shi za su sayi hatsi. Mutum ya riƙe hoton faɗuwarsa a tafin hannu, kuma ba shi da ikon jefar da shi, domin yunwa ba ta san zuciya ba.

Akwai kuma wani darasi a cikin azurfar kanta. A zamanin Agustus kuɗin kusan zallar azurfa ne. Nero ya rage masa nauyi da kyau a shekara ta 64. Sarakunan da suka biyo baya suka ci gaba da gauraya shi da tagulla, har Karakala ya fito da sabon kuɗi a shekara ta 215, wanda aka ce a karɓa a madadin denarius biyu alhali azurfar da ke cikinsa ba ta kai haka ba. A shekara ta 260 sarkin Farisa Shafur ya kama sarkin Rum Baleriyan da ransa. A zamanin ɗansa Galiyenus, daula tana tsattsagewa ta ko'ina, azurfar da ke cikin kuɗin ta koma bai fi kashi 5 cikin 100 ba. Duk da haka kalmar VICTORIA, wato nasara, ba ta daina fitowa a kansu ba. Kirari yana ƙaruwa, ƙarfe yana lalacewa. Wanda ke son sanin gaskiyar wancan zamani, ma'auni zai fi rubutun gaya masa.

Tsuntsun da ya iso Binuwai

Da wannan ido ne ɗalibar ta sake duban Mai-shirwa, ta karanta rubutun da ke kewaye da tsuntsun. Mak uku ne na daular Jamus, wanda masarautar Furusiya ta buga a 1913. Nauyinsa bai cika giram 17 ba, kashi 90 cikin 100 azurfa. An yi shi ne don cikar shekara 100 da tashin Jamusawa a kan Napoleon. Mai dokin shi ne sarkin Furusiya na wancan lokaci, wanda ya kira jama'arsa zuwa yaƙi ranar 17 ga Maris, 1813. Gaggafar ita ce Jamus, macijin da ta danne kuwa mulkin Faransa ne. A taƙaice, jikan kuɗin Rumawa ne: azurfa, tsuntsun mulki, da abokin gaba a ƙarƙashin ƙafa.

Yadda irin wannan kuɗi zai iso Garuwa ba abin mamaki ba ne. A watan Satumbar 1901 Ingilishi suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fice da mutanensa. Kafin shekarar ta ƙare Jamusawa suka karya rundunarsa a Garuwa, a watan Janairun 1902 kuma suka sake cin ta a Marwa. Zubairu ya rasu a 1903 yana gudun hijira. Garuwa ta zama mazaunin mulkin Jamus a arewacin Kamaru, mak kuma ya zama kuɗin gwamnati, na albashi da na haraji.

Sai dai nasarar da aka buga a azurfa a 1913 ba ta daɗe a bakin Binuwai ba. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, rundunar Ingila ta taso daga Yola ta auka wa Garuwa a ƙarshen watan Agustan 1914, aka kore ta, kwamandanta ma ya mutu a wurin. Jamusawa suka ƙara haƙa ramuka da gina ganuwa a kan tuddan da ke kewaye da gari. A shekara mai zuwa Ingilishi da Faransawa suka dawo tare, da manyan bindigogin igwa, ranar 10 ga Yuni, 1915 kuwa sansanin Garuwa ya miƙa wuya. Na dutsen Mora ne kaɗai ya jure a arewa har zuwa Fabrairun 1916. Shekara biyu ke nan tsakanin buga hoton gaggafa a kan maciji da ranar da macijin ya shigo gari ya karɓi mulki.

Faransawa su ma sun yi nasu. Bayan da Kamaru ta bi bayan Janar de Gaulle a watan Agustan 1940, an buga mata kuɗin tagulla a Firitoriya a 1943, da hoton zakara a fuska ɗaya da gicciyen Loren a ɗayar. Da ƙasar ta sami 'yanci aka fitar da sefa 50 mai ɗauke da ranar 1 ga Janairu, 1960, da kawunan wasu manyan dabbobin dawa uku dangin gwanki, irin waɗanda ke dazuzzukan Binuwai. Shugaban da ya karɓi mulki a ranar, Ahmadu Ahijo, haifaffen Garuwa ne. Duk wanda ya hau, sai ya sa hannu a kan ƙarfe.

Abin da ya fi tsaya wa ɗalibar a rai shi ne wannan: ƙasashe uku ne suka yi faɗa a kan Garuwa, Jamus da Ingila da Faransa, kuma duk ukun an taɓa buga sunan ƙasarsu ko hoton mutanenta a kuɗin Rumawa a matsayin waɗanda aka ci da yaƙi. Gaskiya ne cewa mazauna Birtaniya da Gol na wancan zamani ba daidai suke da Ingilishi da Faransawan yau ba, al'ummu sun cakuɗa, harsuna sun sauya. Amma ƙasar ita ce dai. Wanda aka zana jiya a durƙushe, yau shi ne a kan doki. Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Labarin da ba a rubuta a jikin kuɗin ba

Ɗalibar ta zauna a bakin gado ta kwashe duk wannan ta gaya wa kakarta: Napoleon, Furusiya, kada, mace mai tagumi. Tsohuwa ta saurara har ƙarshe tana jan carbi. Sannan ta ce:

“Kin gama? To, duk waɗannan mutane da kika lissafa, ba wanda na sani a cikinsu. Ni ga abin da na sani.”

Kakanta na wajen uba falke ne da ya zo daga ƙasar Kano da kanwa da baƙin yadi, ya ga gari ya yi masa, ya yi aure ya zauna. Da Jamusawa suka shiga gina ganuwa, aka tattara mazajen unguwa, yana cikinsu. Watanni yana jidar ƙasa da ruwa zuwa kan tudu. Wata rana ya dawo gida da wannan sule, ya ba matarsa, wadda a lokacin take da ciki, ya ce ta ajiye na ragon suna. Ba a yi kwana goma ba aka sake tara 'yan dako, aka ɗora musu kaya aka nufi kudu da su, hanyar Ngaundere. Wasu sun dawo bayan damina. Shi bai dawo ba, ba kuma wanda ya iya cewa ga inda ya faɗi. Matar ta haifi ɗa namiji, 'yan'uwa suka yi karo-karo aka yanka rago, sulen kuwa ta ƙi kashe shi. Ta kai wa maƙeri ya yi masa kunne, ta rataya a wuya har ta koma ga Allah.

“Wannan jaririn shi ne ubana. Kin ji dalilin da ya sa kakata ta ce shirwa ce. Ta ce haka aka yi mata: tana zaune da abinta, aka sauko daga sama aka sure.”

Yarinyar ta yi shiru. Shekara uku tana koyon yadda ake karanta hujjojin tarihi, ga shi hujja ta kwana a ɗakin da ta girma, ita kuma ta ɗauka kuskuren tsofaffi ne. Wanda ya zana tsuntsun a Balin ya yi nufin a ga Jamus a kan Faransa. Matar da ta karɓe shi a Garuwa ba ta san Napoleon ba, amma ta san mai surewa, ta san abin da aka sure. A kuɗin Rumawa mace mai tagumi ba ta da baki. A nan ga ta ta yi magana, har ta raɗa wa kuɗin mai nasara sunan da ya bi shi tsawon zuri'a huɗu.

“To Kaka, in haka ne, don me za ki narka shi?”

“Don na gaji da gadinsa. Idan na mutu wa zai riƙe? Yaran yanzu su sayar wa ɗan koli su sa kati a waya. Gara ya zama abin hannu a jikinki, in san inda ya tafi.”

Kalmomin da suka fi ƙarfe tsawon rai

A nan akwai abin da ya kamata mai nazarin Hausa ya tsaya ya duba, domin denarius bai tsaya a gidajen ajiye kayan tarihi na Turai ba. Rumawa suna kiran kuɗinsu na zinariya denarius aureus. Daga Latin kalmar ta shiga Girkanci, daga nan ta shiga Larabci ta zama dinar, har ta zo a cikin Alƙur'ani mai girma a surar Ali Imrana. A shekara ta 77 bayan Hijira, wajen 696 zuwa 697 Miladiyya, halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinarin da babu hoton kowa a kansa, rubutu ne zalla. Ta hanyar malamai da fatake kalmar ta ratso Sahara. Hausa ta karɓe ta sau biyu: dinari, kamar yadda take a littattafan fiƙihu, da kuma zinari ko zinariya, wadda masana harshe ke mayarwa ga wannan tushe. Kuɗin azurfar Rumawa ke nan ya zama sunan jan ƙarfe mafi daraja a bakin Bahaushe.

Azurfa kuwa daga Abzinawa muka aro ta, domin azref suke cewa. Dirhami ya samo asali ne daga drachma ta Girkawa. Duk wanda ya taɓa halartar ɗaurin aure a Garuwa ko Kano ko Maradi ya ji malamai na cewa mafi ƙarancin sadaki a mazhabar Malikiyya shi ne rubu'in dinari ko dirhami uku, nisabin zakka kuma dinari 20 ko dirhami 200. Ashe ranar da za a ɗaura auren wannan ɗaliba, sai an ambaci kuɗin Rum da na Girka a zauren kakanta, ko da kuwa ba a ga ko ɗaya ba.

Manyan sulalla ukun nan masu hoton mace su ma suna da nasu. Matar ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda ta rasu a 1780. Saboda 'yan kasuwar Larabawa da na Afirka sun amince da kuɗinta, aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ba tare da canji ba, har bayan ta daɗe a kabari. Nauyinsa giram 28, kashi 83 da ɗoriya cikin 100 azurfa. Sunansa thaler, daga wani kwari mai ma'adinin azurfa a ƙasar Bohimiya. Daga wannan suna dalar Amurka ta fito, daga gare shi kuma muka sami dala. Da Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, a shekarar da ya tsallaka Binuwai ya isa Yola, ya tarar ana canza dala ɗaya da wuri 2,500. A yau Bahaushen Nijar idan ya ce dala, sefa 5 yake nufi, shi ya sa sefa 100 take dala ashirin a bakinsa.

Kuɗi kansa jam'in wuri ne, kamar yadda ceede ta Fulatanci ita ma daga wurin ta taso. An daina ciniki da wuri, amma har gobe ana cewa wuri na gugar wuri. Sule daga shilin ɗin Ingila ya zo, sisi daga fenni shida, kwabo daga kalmarsu ta tagulla. Harafin d da 'yan makarantar Nijeriya ke rubutawa a gaban kwabo kafin zuwan naira a 1973, shi ma gajarta denarius ne. An manta wa ya ci Dasiya, an manta ranar da aka kame Masar, amma kalmar tana nan a kunnen amarya.

A maƙera

Washegari da hantsi suka tafi wurin maƙerin, jika tana riƙe da hannun kaka. Dattijo ne, ya gaji sana'ar daga mahaifinsa. Ya karɓi igiyar, ya tsinke ta, ya buga kowane sule a kan uwar maƙera yana sauraron amonsa, sannan ya ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya.

“Hajiya, manyan nan uku sun tasam ma giram 84. Da ƙaramin za a kai 100. In da shi, awarwaro biyu za su fito da kauri. In babu shi, za su fito, amma sirara.”

“Baba, ba ka jin komai idan kana narka irin waɗannan?” in ji yarinyar.

Ya dube ta ya yi murmushi. “'Yata, abin da ya bi ta kaskon nan tun zamanin ubana, in an tara, ya cika masaki. Mata sun kawo don aure, sun kawo don asibiti, sun kawo a shekarar da sefa ta karye. Ba mai kawo abin wuyan uwarsa don jin daɗi. Mai matar nan kuwa ba ta ƙarewa, duk shekararsu ɗaya. Amma wannan mai tsuntsu, tun da nake ban narka irinsa ba.”

Shekarar da yake nufi ita ce 1994, lokacin da aka rage darajar sefa da rabi a watan Janairu. Maganarsa kuma ta tuna wa ɗalibar wani abu da ta karanta. Narka kuɗi ba aikin jahilci ba ne, Rumawa da kansu sun yi. Taranjan ya tattara tsofaffin kuɗin da suka side ya narka su wajen shekara ta 107. Mafi yawan azurfar da aka buga don nasarori ta koma cikin wuta, ta fito da fuskar wani sarki. Waɗanda suka tsira har masana ke nazarinsu a yau, da yawansu an tono su ne a tukwanen da wasu suka binne a lokacin tsoro, ba su kuma dawo sun haƙa ba. Kusan kowace tukunya irin wannan shaida ce ta mutumin da bai komo gida ba. Mai-shirwa ma ta haka ya tsira.

Ta juya ga kakarta. “Kaka, na yarda da sirara. A narka ukun. Wannan ki bar mini shi yadda yake.”

“Mutane su ce na yi wa jikata awarwaron talauci?”

“Su ce. Ni zan sa, ba su ba.”

Tsohuwa ta daɗe tana juya sulen a tsakanin yatsunta. Idanunta sun yi rauni, da taɓawa take gane kunnen da aka liƙa masa fiye da shekara ɗari da suka wuce. Can ta ce:

“Da sharaɗi. Duk wanda ya tambaye ki labarinsa, kada ki fara da Bajamushen nan mai doki. Ki fara da wanda ya jido ƙasa. Ki matso in gaya miki sunansa, ni ba na kiran sa da ƙarfi.”

Yarinyar ta sunkuya, tsohuwa ta raɗa mata a kunne. Ba sarki ba ne, ba sadauki ba ne, suna ne irin wanda ake samu a kowane layi na Hausare. Ta ciro littafinta ta rubuta shi a shafin da ta jera sunayen Agustus da Besfasiyan da Taranjan.

Maƙeri ya kira yaronsa ya hau zuga-zugi. Ya jefa sulalla ukun a kasko, garwashi ya yi ja, fuskar sarauniyar Ostiriya ta fara lanƙwashewa har ta zama ruwa mai ƙyalli. Kaka ba ta kalli wajen ba. Zuciyar jikar ta sosu, domin ta san waɗannan ma suna da labarin da ba ta tambaya ba, ga shi kuma lokacin tambaya ya wuce. Kafin su tashi, dattijon ya nemo sabuwar igiyar fata ya zarge Mai-shirwa, ya ƙi karɓar ko sisi a kan wannan.

A hanyar komawa gida rana ta take, 'yan acaɓa suna ta wucewa da ƙura. Wata inuwa ta gifta a kan titi, tsohuwa ta ɗaga kai sama tana kare ido da tafin hannu.

“Kishiya, mece ce waccan?”

“Shirwa ce, Kaka.”

“To, kin gani. Riƙe ni mu tsallaka.”